Mai Horarwa: Nawa Take Samu, Kuma Ta Yaya Za Ta Ƙara?

'Yan'uwa mata, wannan babi na masu horarwa ne da kuma ƙungiyoyin da suke biyan su. Tambaya biyu nake so in amsa a cikinsa, domin su aka fi yi mini a zagayen ƙungiyoyi. Ta farko daga bakin matan da aka zaɓa su zama masu horarwa take fitowa: shin wannan aiki zai riƙe ni, ko wahalar banza zan sha? Ta biyu kuma daga 'yan ƙungiya: don me za mu biya ta, alhali 'yar garinmu ce, kuma da baki kawai take aiki?

Duk tambayoyin biyu suna bisa hanya. Idan ba a amsa su da lissafi ba, mai horarwa takan gaji ta ɗauke ƙafa, ƙungiya ta rikice ranar rabo, kuɗin da mata suka yi wata da watanni suna tarawa ya koma abin rigima. Saboda haka a karanta babin a zaune tare. Mai karatu ta ɗaga murya, a tsaya a kowane lissafi har kowa ta gane.

Wace ce mai horarwa?

Mai horarwa ita ce macen da take sayar da saninta da lokacinta. Mai ƙosai tana da ƙosai a faranti, mai man gyaɗa tana da kwalba. Hajar mai horarwa kuwa a kanta take, kuma awoyin yininta su ne mudun da take awo da shi.

A birane kamar Kano da Kaduna da Abuja da Yamai akwai masu irin wannan sana'a ta fannin motsa jiki. Mutum yakan ɗauki mai horar da shi, ya biya shi a kan kowane zuwa ko a kan wata. Wasunsu ma'aikatan gidan motsa jiki ne, ana ba su albashi ko a raba kuɗin da mai gidan. Wasu kuma kansu suke yi wa aiki, duk abin da aka biya nasu ne, amma kuɗin mota da kayan aiki da neman masu zuwa duk a wuyansu. Na kawo su ne domin lissafinsu da namu ɗaya ne: yawan masu biya, abin da kowa ke biya, abin da hanya ke cinyewa, da awoyin da suka tafi.

A karkara masu horarwa iri biyu muka fi sani. Akwai mai horar da ƙungiyoyin asusu, wadda ke kafa ƙungiya, ta koya mata dokoki da cike littafi, ta raka ta har ranar rabo. Akwai kuma mai koyar da sana'a: ɗinki, saƙa, haɗa sabulu da man shafawa, turaren wuta, lalle, awara, kiwon tumaki da sauransu. Sau da yawa mace ɗaya ce take yin duka biyun.

Biyan mai koyarwa tsohuwar al'adarmu ce. Kowa ta san kuɗin Laraba da yara ke kai wa malam, kowa ta san abin da ake yi wa tela ranar da ya yaye yaro. A fannin asusu ma haka tsarin ya ginu. A shekarar 1991 hukumar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi ta ƙasar Nijar, daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Abin da ya taimaka masa yaɗuwa shi ne horar da mutanen gari su ci gaba da kafa ƙungiyoyi, ƙungiyoyin kuma su riƙa sallamar su da kansu. Hukumar CRS ma tana da irin wannan a nata tsarin: a horar da mutum, a gwada shi, a ba shi shaida, sannan ya koma karɓar ladan aikinsa daga ƙungiyoyin da yake yi wa hidima. Dalili shi ne kowane shiri yana da ranar ƙarewa, amma mai horarwa tana nan a garinku.

Ta ina kuɗi ke shigo mata?

Ƙofa biyar ne galibi:

1. Kuɗin ziyara: abin da ƙungiya ke bayarwa duk ranar da ta zo zama.
2. Kuɗin ranar rabo: sallama ta musamman, saboda aikin ranar ya fi na kullum nauyi.
3. Kuɗin koyon sana'a: abin da ɗaliba ke biya, a dunƙule ko kashi-kashi.
4. Alawus daga shiri, idan akwai.
5. Biya da amfanin gona: mudun gero, kwanon wake, gyaɗa, wani lokaci kaza.

Game da alawus ina da jan hankali. Kada ki gina rayuwarki a kansa, domin ranar da shiri ya naɗe tabarmarsa, alawus ya tafi. Kuma idan shiri yana biyan ki don ki horar da wata ƙungiya, ki tambayi jami'in da ke kula da ku ko an yarda ki karɓi wani abu daga wannan ƙungiyar. Karɓa ta fuska biyu a ɓoye shi ne abin da ya fi saurin zubar da mutuncin mai horarwa.

Game da amfanin gona kuwa, ki ƙiyasta shi da farashin kasuwar ranar da aka ba ki, ki rubuta shi kamar kuɗi. In ba haka ba za ki ga kamar ba a biya ki ba, alhali gero yana rumbunki.

Mu zauna mu yi lissafi

Abin da mai horarwa ke samu ya danganta da gari da yawan ƙungiyoyi da yarjejeniyar da aka yi, don haka kowa sai ta lissafa nata. Ga misali da na ƙirƙira don mu koyi hanyar. Ku cire lambobina ku sa naku, 'yan'uwa na Nijar kuma su sa sefa a gurbin naira.

A ce mai horarwa tana kula da ƙungiya 5, kowace da mata 20. An yi yarjejeniya kowace mace za ta ba da naira 100 duk ranar da ta zo. Kun ga kowace ziyara naira 2,000 ke nan.

Sai dai ba kullum take zuwa kowace ƙungiya ba. Sabuwar ƙungiya tana buƙatar ta kowane mako. Wadda ta fara tsayawa da ƙafarta, sau biyu a wata ya isa. Wadda ta kusa rabo, sau ɗaya. To ga abin da ke shigowa a wata:

- Sababbin ƙungiyoyi 2, ziyara 4 kowace: ziyara 8, naira 16,000.
- Matsakaita 2, ziyara 2 kowace: ziyara 4, naira 8,000.
- Tsohuwa 1, ziyara 1: naira 2,000.

Jimla: ziyara 13, naira 26,000.

A nan ne mutane ke tsayawa su ce, ai wance tana kwasar dubu ashirin da shida duk wata. To bari mu ga abin da ya fita. A ce ɗaya daga cikin sababbin ƙungiyoyin a garinta take, da ƙafa take zuwa. Sauran ziyara 9 sai ta hau acaɓa, zuwa da dawowa naira 1,200.

- Acaɓa: tafiya 9, naira 10,800.
- Katin waya: naira 1,500.
- Littafi da biro da sauran tarkace: naira 700.

Jimlar abin da ya fita: naira 13,000. Abin da ya rage mata: naira 13,000. Rabi cif hanya da kayan aiki suka cinye.

Saura lokaci. Idan kowane zama yana cin awa 2, zama 13 awa 26 ne. Idan kowace tafiya ta nesa tana cin awa 2 zuwa da dawowa, tafiya 9 awa 18 ce. Duka awa 44. Ki raba 13,000 gida 44, za ki samu kusan naira 300. Wannan shi ne ainihin kuɗin awarta guda.

Don mu sami abin gwadawa: a watan Yulin 2024 aka sa hannu a dokar da ta mai da mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 a wata. Ma'aikacin da ke yin awa 40 a mako, wato kamar awa 160 a wata, awarsa ta haura naira 430. Kun ga mai horarwar misalinmu ba ta kai shi ba, duk da ilimin da take ɗauke da shi. Akwai wani gwajin da ya fi wannan kusa da gida: ki tambayi kanki, da na zauna na soya awara ko na yi ɗinki a awoyi 44 ɗin nan, nawa zan samu? Idan sana'ar gida ta fi, to akwai gyara a tsarin aikinki.

Nakan ji ana ce wa masu horarwa, ki yi haƙuri, ai lada za ki samu. Lada yana nan, ba mai musu. Amma ɗan acaɓa kuɗi yake karɓa, kuma macen da ke cike giɓin hanya daga kuɗin cefanenta ba za ta daɗe tana zuwa ba.

Abubuwan da ke sa samu ya hau ko ya sauka

Na farko nisa. Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, kuɗin hawa ya yi tashin da kowa ta ji a jikinta. Yarjejeniyar da aka ƙulla kafin lokacin, idan ba a sake duba ta ba, mai horarwa ce ke ɗaukar asarar.

Na biyu shekarun ƙungiya. Aikin mai horarwa yana da wani hali: gwargwadon yadda ta iya shi, gwargwadon yadda ƙungiya za ta daina buƙatar ta da wuri. Zangon asusu yakan ɗauki wata 9 zuwa 12, kuma burin tsarin shi ne bayan rabon farko ƙungiya ta ci gashin kanta. A misalinmu, ƙungiyar da ke kawo 8,000 a wata yau, nan da 'yan watanni 2,000 za ta riƙa kawowa. Wadda ba ta kafa sababbi, samunta sai ya yi ta raguwa.

Na uku lokacin shekara. Da damina mata suna gona, hanya ta lalace, kuɗi ya yi wuya kafin sabon hatsi ya shigo. Da kaka hannu yakan buɗe. Da rani kuma akwai sarari na zama a koyi sana'a. Don haka kada ki auna sana'arki da wata guda. Ki haɗa na shekara ki raba gida 12.

Na huɗu bashi. "Zan kawo miki ranar kasuwa" ya durƙusar da masu horarwa da yawa. Kuɗin da ba ya hannunki kada ki sa shi a lissafin samu.

Hanyoyin ƙara samu

*1. Rage abin da hanya ke ci.* Da wannan nake farawa domin ba ya buƙatar kowa ta ƙara ko sisi. Mu koma misalinmu. A ce sabuwar ƙungiyar nan ta nesa da matsakaitan biyu duk a gari ɗaya suke, ko a ƙauyukan da ke maƙwabtaka. Idan aka daidaita ranakun zama, ta ga sabuwar da hantsi, ta ga ɗaya daga matsakaitan bayan azahar, tafiya 9 ta koma 5. Ta tsira da naira 4,800 da awa 8. Abin da ya rage mata ya zama 17,800 a awa 36, wato kusan naira 500 a awa. Daga 300 zuwa 500, ba tare da an ƙara farashi ba. Idan kina neman inda za ki kafa sabuwar ƙungiya, fara duba inda kike zuwa dama. Idan kuma ranar zama ta dace da ranar kasuwar yankin, abin hawa ya fi samuwa, kuma kya haɗa da naki cinikin, muddin 'yan ƙungiyar ba kasuwar za su tafi ba.

*2. Koyar da mata a haɗe.* Masu horar da motsa jiki na birni sun daɗe da gane cewa awar da aka ba mutum ɗaya ana iya ba mutum goma. A ce kina koyar da haɗa sabulu a kwana 3. Mace ɗaya ta biya 5,000, samunki ke nan. Idan kika tara mata 10 kowace ta biya 2,000, kin sami 20,000 a kwana ukun nan dai, su kuma kowace ta biya ƙasa da rabi. Amma kada zari ya ja ki. Sana'ar hannu sai kowace ta taɓa da hannunta kina kallo. Idan taro ya yi yawa har wasu suka koma 'yan kallo, za su fita ba su iya ba, kuma su ne za su ba da labarinki a gari.

*3. Raba kuɗin koyarwa da kuɗin kaya.* Ki faɗa tun farko: ga kuɗin koyo, ga kuɗin mai da soda da turare. Ko ɗalibai su haɗa su sayo, ko ki sayo ki nuna musu farashin. Idan kika cakuɗa su, ranar da kaya suka yi tsada ladanki ne zai narke.

*4. Ɗaura kuɗin ziyara a jikin hannun jari.* Maimakon a ce naira 100, a ce rabin hannun jari ɗaya. Idan hannun jari naira 200 ne, kuɗin ziyara 100 ke nan. Ranar da ƙungiya ta ga ta yi ƙarfi ta mai da hannun jari 300 a sabon zango, naki ya koma 150 da kansa, ba sai kin buɗe baki kin roƙa ba. Canjin farashi kuma a farkon zango ake yin sa, a gaban kowa. Kada a yi shi a tsakiya.

*5. Ki ƙware a ranar rabo.* Wannan ita ce ranar da ko tsohuwar ƙungiya takan nemi taimako, domin a nan kuskure ɗaya ke raba zumunci. Hanyar ita ce: a karɓo duk rancen da ke waje, a ƙirga kuɗin akwati a gaban kowa, a ƙirga duk hannayen jarin da ke littattafan 'yan ƙungiya, a raba kuɗin da yawan hannayen jari. A ce hannayen jari 2,000 ne, an saye kowane a naira 200, yanzu kuma akwati yana da 500,000. Kowane hannun jari ya zama 250. Mai hannun jari 120 za ta tafi da 30,000. Macen da za ta iya yin wannan a fili, ta bayyana shi har wadda ba ta karatu ta gamsu, ba za ta rasa masu kiran ta ba. A yanka kuɗin wannan rana daban tun farkon zango.

*6. Ƙara ilimi a kan wanda kike da shi.* In kina da kyau ki ƙara da wanka. Ƙungiyar da ta gama koyon asusu tana da kuɗi a hannu, kuma abin da take nema yanzu shi ne yadda za ta juya shi. Ga abubuwan da ake nema: lissafin uwar kuɗi da riba, karatu da rubutu na manya, kiwon ragunan layya, da adana amfanin gona. Ɗauki adana wake a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. Idan wake ya bushe sosai, aka matse iska, aka ɗaure kowace leda daban, ƙwari sukan mutu don rashin iska ba tare da an zuba magani ba. Macen da ta koya wa ƙungiya wannan ta ba su damar riƙe wake daga kaka zuwa lokacin da zai yi daraja. Irin wannan darasi ana biyan sa da daɗin rai. Sharaɗi ɗaya ne: abin da kika iya da hannunki shi za ki koyar. Mai koyar da sabulu dole ta san sodar sabulu tana ƙona fata da ido, ta san soda ake zubawa a ruwa a hankali ba ruwa a kan soda ba, ta sa safar hannu, ta kori yara daga wurin.

*7. Karɓi rabi kafin a fara.* A koyon sana'a, rabi ranar farawa, rabi kafin ranar ƙarshe. Wadda ta sa kuɗinta ba ta fashi. Ga wadda ba ta da kuɗi a hannu kuwa, ana iya yarda ta biya da kaka, a rubuta mudu nawa, a gaban shaidu biyu.

*8. Yi amfani da waya.* Ba kowace matsala ce take buƙatar ki hau acaɓa ba. Marubuciyar ƙungiya tana iya kiran ki, ko ta turo hoton shafin littafi ta WhatsApp inda akwai babbar waya, ki amsa da saƙon murya. Ga tsofaffin ƙungiyoyi ana iya yanka ɗan abu kaɗan na wata don wannan. Idan ta waya za a turo miki kuɗi, ki tuna mai POS yana cire nasa, a san wanda zai ɗauki wannan tun farko.

*9. Tayar da mataimakiya.* Idan ƙungiyoyi sun fi ƙarfinki, ki ɗauki wata mai hazaƙa daga tsohuwar ƙungiya ki koya mata. Ta riƙe na kusa da ita, ke ki riƙa dubawa, ku raba abin da aka samu yadda kuka amince. Ki sanar da jami'in shiri, kuma ki sani wata rana za ta tsaya da kanta. Wannan ba asara ba ce, domin ƙauyukan da ba su da asusu sun fi ƙarfin mace ɗaya.

Bayan duk wannan, babu tallan da ya kai ƙungiyar da ta yi rabo lafiya. Matan ƙauyen gaba za su ji a gidan biki da wurin suna, su aiko a kira ki. Idan 'yan ƙungiya sun yarda, ki gayyaci mata biyu ko uku daga maƙwabta su zo su ga zama da idonsu.

Iyakokin da ba a tsallakewa

Akwai hanyoyin ƙara samu da suke kashe sana'ar gaba ɗaya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: in kin karɓi kuɗin ziyara, ki zo a kan lokaci, ki zauna har a rufe akwati. Sannan:

- Mai horarwa ba ta taɓa kuɗin ƙungiya. Ƙirga aikin masu ƙirga biyu ne.
- Ba ta riƙe akwati, ba ta riƙe ko ɗaya daga makullan nan uku.
- Ba ta cin rance a ƙungiyar da take horarwa, ba ta sa wata ta karɓo mata.
- Ba ta karɓar goro don ta sa baki a ba wata rance.
- Ba ta ɓoye wani ilimi don a ci gaba da kiran ta. Ta koya wa marubuciya komai.
- Idan tana sayar da littattafai ko kwaɗo ko kayan sabulu, ta faɗi farashi a fili, kuma kowa tana da damar saye a wani wuri.

Ga ƙungiya mai biya

Ku kuma 'yan ƙungiya, ga naku. Araha ba ta ado. Naira ɗarin da kike jin nauyin bayarwa, ki gwada ta da kuɗin da kike zubawa a akwati shekara guda, wanda kuskuren lissafi ɗaya zai iya taɓawa.

Kada ku biya mai horarwa daga asusun taimakon juna. Wannan na rashin lafiya ne da gobara da rasuwa. Ku haɗa nata daban, a kwano daban, a ƙirga a gaban kowa, marubuciya ta rubuta, a miƙa mata kafin a tashi. Kuna kuma da haƙƙi a kanta. Idan ba ta zo ba, babu biya. Idan an yi wata da watanni marubuciyarku ba ta iya cike littafi ita kaɗai ba, ku tambaye ta dalili, in abin ya ci tura ku kai wa jami'in shiri.

Yarjejeniya ta ƙunshi abu biyar, a rubuce, a karanta wa kowa: sau nawa za ta zo a kowane mataki, nawa ne kuɗin ziyara, nawa ne na ranar rabo, wa zai ɗauki kuɗin hanya, da kuma ranar da za a sake duba maganar. Shugaba da marubuciya da mai horarwa su sa hannu ko su dangwala.

Abin da ya shigo, ina zai tafi?

Ƙarin samu ba ya amfani idan yana shiga ta nan yana fita ta can. Ki sami littafi ɗaya na sana'arki, shafin dama abin da ya shigo, na hagu abin da ya fita. Duk ranar da aka biya ki, ki fara ware kuɗin hanyar mako mai zuwa kafin ki taɓa komai. Ki ware wani abu na watannin damina. Ki kasance 'yar asusu a taki ƙungiyar, kina sayen hannun jari kamar kowa, domin mai koya wa mata tanadi ya kamata a ga tana yi. Kuma ki zauna da maigida ko manyan gidanku ki nuna musu ranakun fitarki da abin da aikin ke kawowa. Fitar da aka san ranarta da amfaninta ta fi samun goyon baya a gida.

Tambayoyin tattaunawa a zama

1. Nawa muke ba mai horar da mu a wata, kuma nawa take kashewa kafin ta iso mana?
2. Za mu iya daidaita ranar zamanmu da ta wata ƙungiya ta kusa don a rage mata hanya?
3. A cikinmu wa ta iya lissafin rabo ba tare da taimako ba? Idan babu, yaushe za a koya?
4. Wace sana'a ko dabara muke so a koya mana da ranin bana, kuma mu nawa za mu haɗu?
5. Shin yarjejeniyarmu a rubuce take, kuma yaushe za mu sake duba ta?

Aikin gida ga kowace mai horarwa: daga yau zuwa wata guda ki rubuta kowace ziyara, abin da aka ba ki, abin da kika kashe, da awoyin da kika yi har da na hanya. Ki zo da littafin taron masu horarwa na gaba, mu fitar da kuɗin awarki tare, mu ga wace hanya daga cikin taran nan za ki fara da ita.